Rakiyar da Ta Hana a Kore Ni daga Lyon

Akwai wani mako guda a rayuwata wanda ko na tsufa na fara manta inda na ajiye tabarau, shi kam ba zai fita daga kaina ba. Makon da saura ƙiris a kore ni daga makarantar koyon Sinanci ne a birnin Lyon, kuma laifin da aka kama ni da shi ba rashin ƙoƙari ba ne, ba kuma rashin kunya ba. Ladabi ne ya kusa ja min, ko in ce abin da nake kira ladabi a wancan lokacin.

Ni 'yar Maraɗi ce, karatu ne ya kawo ni Faransa. Na yi shekara uku a Paris ina karanta harkar kasuwanci, ina zaune wurin ƙanwar mahaifina da nake kira Gwaggo, mai shagon atamfa da leshi a unguwar Château Rouge. Sinanci kuwa da wasa na fara shi, awa biyu a mako a jami'a, don na ga rabin kayan shagon Gwaggo daga ƙasar Sin suke fitowa, kuma kullum tana ƙorafin masu shiga tsakani. Da wasa ya zama gaske, sai na nemi gurbi a wani shiri da ake yi a Lyon lokacin dogon hutu, aka kuwa ɗauke ni.

Tsarin shirin mai tsauri ne. Mu goma sha biyu aka tara a wani tsohon gida a saman tudun Croix-Rousse, za mu yi mako goma. Ranar farko kowa ya sa hannu a takarda cewa daga ranar ba zai ƙara furta wani harshe ba sai Sinanci, ko a aji, ko a ɗaki, ko a layin banɗaki. Wayoyinmu ma an karɓe, sai Lahadi ake ba mu su na awa ɗaya. A ƙarshe za a zaɓi mutum shida a tura su ƙasar Sin su yi karatun shekara guda kyauta. A tsakiyar shirin kuma ana yin tankaɗe, duk wanda aka ga ba ya tafiya da sauran sai a sallame shi. Wannan tafiya ta Sin ita ce abin da na ƙwallafa rai a kai, har na riga na cika wa mutanen gida baki.

Da safe matasan malamai ne ke koyar da mu, kuma nan kam ba a bar ni a baya ba. Rubutun Sinanci ya karɓe ni, ina iya zama awa uku ina zana harafi ɗaya har sai ya tsaya da ƙafarsa. Da yamma kuma, ƙarfe shida da rabi, sai a haɗu a dogon tebur a ci abinci tare da tsohuwar da ta kafa shirin. Basiniya ce 'yar gajeriya, ta ba shekara saba'in baya, gashinta fari fat, kullum da wata jakar yadi a kafaɗa. Malama kawai muke ce mata. Da ta zauna sai ta jefo zance a tsakiyar tebur kamar mai watsa wa kaji tsaba, kowa ya yi caa a kai.

To a nan ne na ga abin da ya ɗaure min kai. Akwai wani Bafaranshe dogo da ke magana da abinci cike da baki. Akwai 'yar Italiya da muke ɗaki ɗaya, ita kuma da sandunan cin abinci irin na mutanen Sin take nuna tsohuwar idan gardama ta yi zafi. Su katse ta, su musa mata, su zuba mata ido ƙur, ga Sinancin nasu duk a karkace, amma ko a jikinsu. Ni kuwa a gidanmu, idan aka ajiye abinci baki aikinsa ɗaya ne. Babba ba a kallon tsabar idonsa, ba a tsoma masa baki sai ya tambaya, in ya ce farin bango baƙi ne sai ka ce to, ka bar sauran a cikinka. Kada a ɗauka ni mai shiru ce. Ƙawayena cewa suke in na fara zuba sai an cire min batir. Amma da na ga furfura a gabana sai bakin ya ɗinke da kansa.

Haka na yi mako biyar, idona a cikin kwano, ina ci ina yi musu hisabi a zuci. Idan Malama ta tambaye ni abu sai in amsa da kalma uku, kaina a ƙasa, in koma ga abincina. Wallahi har tausayinsu nake ji. Na tabbatar wa kaina cewa tsohuwar nan tana lura, kuma tana cewa a ranta duk cikin yaran nan ɗaya ce ta fito gidan mutunci. Yanzu idan na tuna yadda nake hura hanci a lokacin, dariya nake yi wa kaina.

Ranar Juma'ar mako na biyar, mai kula da shirin ya kira ni ofis. Matashin Basine ne mai sanyin hali, kuma ya yi maganar a hankali don kada ko kalma ɗaya ta wuce ni.

"Rubutunki ya fi na kowa," in ji shi. "Amma mako biyar ke nan Malama ba ta san muryarki ba. In tana magana, ke kina kallon wani wuri. Mun ɗauka zaman nan ya gundure ki."

Sai a ranar na san cewa teburin yamma shi ne jarrabawar. Ajin safe shiri ne kawai, abin da ake aunawa shi ne yadda mutum ke kutsawa cikin zance da harshen da ba nasa ba. Ya ce Juma'a mai zuwa zai zauna tare da mu da littafinsa, in bai ga canji ba, Asabar sai in haɗa kayana. Kun san me na yi? Na sunkuyar da kai na ce masa to. Laifin da ake tuhumata da shi, shi na sake aikatawa a gaban alƙali.

An yi sa'a, ko rashin sa'a, ƙarshen wannan makon ne kaɗai ake ba mu hutu a ɗage mana dokar harshe. Na tattara kusan duk abin da na mallaka na cusa a babban akwatina, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Awa biyun nan ina ta tafasa. A ce ni za a kora, a bar mai magana da shinkafa a baki? Na yanke shawarar ba zan jira wulaƙanci ba, ni zan kori kaina tun kafin su kore ni.

Da na fito daga ramin metiro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Château Rouge, hayaniyar unguwar ta buge ni, ga ƙamshin gasasshiyar masara, ga masu kitso suna tare mutane a hanya. Na tarar da Gwaggo tana auna wa wata mata yadi. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gajiya da hanya da karatu, ni kuwa ina jin Hausa tana yi min daɗi a baki bayan mako biyar. Sai da matar ta fita sannan ta kalli akwatin.

"Wanga balis hwa? Kwana biyu kinka zo yi, ko ko tarewa?"

Na zauna a kan ƙullin atamfa na kwashe labari na faɗa mata, har da ɗan hawayen haushi. Ina jira ta ce Allah wadai da mutanen da ba su san tarbiyya ba. Ita kuwa ninkin yadinta kawai take yi har na kai aya.

"Ita tsohuwar, nan gidan take kwana?"

"A'a, gidanta na can cikin gari. Kullum zuwa take ta koma."

"Da mi take komawa?"

"Da ƙafa take sauka har bakin metiro."

"Wa ke raka ta?"

"Ba kowa."

"Tsohuwa sa'ar kakarki ta zo gidanku, ta ci abinci, ta ɗauki sak ɗinta ta tahi ita ɗaya, ku goma sha biyu kuna zaune," in ji Gwaggo. "Su ban ga laihinsu ba, ba a koya musu ba. Ke hwa? Ladabin naki na zaune ne kawai? Kin zaɓi mai sauƙi, wanda ba a tashi, kin bar mai wuya."

"Gwaggo, su fa ba su san rakiya ba."

"Kin gwada? Shekara nawa ina sayen kaya hannun Shinuwa, mutanen Sin ɗin nan. Akwai wani tsoho, in na je magazan ɗinshi ba ya barina sai ya kai ni bakin hanya. Ke ce dai ba ki sani ba." Ta ajiye yadin a kan kanta. "Bon. Tashi ki ci abinci. Gobe ni da kaina zan kai ki gar ki hau jirgi. In za su kore ki, su kore ki kina can, ba ki gudo min nan da balis ba."

Ban ji daɗin maganar nan ba ko kaɗan, don ta wanke ni tas kuma ba ta bar min ko wurin fakewa ba. Washegari ta rufe shagonta, abin da ba ta cika yi ba, ta sa ni gaba har tashar jirgi. Ba ta tafi ba sai da ta ga jirgin ya motsa, wataƙila don ta san halina.

Ranar Litinin a tebur ban iya cewa komai ba, kamar kullum. Amma da Malama ta miƙe ta rataya jakarta, sai na ture kujera na tashi. Na riske ta a bakin ƙofa na kama hannun jakar. Ta dube ni da mamaki ta ce in koma in zauna, ba sai na fito ba. To wannan kam na san shi, ko a gida haka baƙo ke cewa, kuma ba wanda ke komawa. Ban saki ba. Ta sake cewa in zauna, na ƙara riƙewa. A karo na uku sai ta sakar min.

Nauyin jakar nan ne ya fara kashe min jiki. Littattafai ne a ciki da gorar shayi da takardunmu da take tafiya da su gida ta duba. Mako biyar tana saukar da wannan kaya daga saman tudu, ni ina zaune ina yaba wa kaina tarbiyya. Kunya ta kama ni sosai.

Daga gidan zuwa metiro sai an bi wata doguwar matakalar dutse mai gangarowa tsakanin gidaje. Lokacin zafi ne, ƙarfe takwas ta kusa amma rana tana nan garau, ana hango rufin gidajen birnin a ƙasa. Malama a karkace take sauka, taki ɗaya bayan ɗaya, tana dafe da ƙarfen gefe saboda gwiwa. Muna jere kafaɗa da kafaɗa, idon kowa a kan matakala. Ba ido a cikin ido, ba abinci a gaba, sai na ji bakin nan ya warware. Ba ni da wani zance da na shirya, don haka na ɗauko abin da na iya tun ina yarinya, na juye mata gaisuwarmu cikin Sinanci. Na tambaye ta gajiya, na tambaye ta gida, na tambaye ta gwiwa, na tambaye ta yadda take ji da zafin nan. Ina shirin tambayar yara sai ta tsaya.

"Likitanci kike karantawa?"

Na ce a'a, haka muke gaisuwa a garinmu, sai an bi komai ɗaya bayan ɗaya. Ta yi dariya har tana riƙe ƙarfe da hannu biyu, ta ce su a garinsu tambaya ɗaya ce, ko ka ci abinci. Sannan ta ci gaba da sauka.

"Ashe kina da baki. Ina kike ajiye shi idan an zauna cin abinci?"

Nan na shiga bayani da guntun Sinancina, ina faɗuwa ina tashi. Abin da zan faɗa cikin minti ɗaya da Hausa sai da ya ci min minti goma. Na gaya mata dokar gidanmu a kan abinci, na gaya mata cewa kawar da idon da nake yi girmamawa ce, kuma a wurinmu yaron da ke musa wa tsoho a gaban mutane iyayensa ake zagi. Ba ta gyara min ko kalma ɗaya ba.

"Mahaifina ma haka yake," ta ce daga baya. "In mutum ya yi magana a kan abinci, tebur yake ƙwanƙwasawa."

Daɗi ya kama ni, na ce a raina shi ke nan na tsira, ta gane ni. Ashe da sauran magana.

"Na fahimce ki. Amma Juma'a tana nan yadda aka faɗa miki. Ba zan tura wa abokan aikina a Sin ɗalibar da sai an sauka matakala da ita take magana ba."

A bakin metiro ta karɓi jakarta ta ce sai gobe, na juya na hau matakalar nan ni kaɗai.

Talata, Laraba da Alhamis duk na raka ta. 'Yar Italiya har tana tsokanata wai na samo hanyar sayen maki da ɗaukar jaka, na ƙyale ta. A tebur kuwa na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ran Talata na tsara jimla mai kyau a kaina, amma kafin in haɗiye lomata in jira a yi shiru in samu ƙofa, zance ya canja sau uku. Ran Laraba na ce yau kamar za a yi ruwa, ba wanda ya ji sai kwanona. Amma da mun fito matakala sai batir ya dawo. Na ba ta labarin Maraɗi, da gonar mahaifina, da yadda ake yankan gero a ɗaure shi dami-dami a zuba a rumbu, da yadda mahaifiyata ke kirɓa fura. Tana ta yi min ƙananan tambayoyi, wane launi ne, yaya girman ƙwayarsa, da me ake sha. Ran Alhamis na roƙe ta alfarma guda, na ce gobe ta kira sunana a tebur ta tambaye ni wani abu, don in samu izinin magana. Ta girgiza kai ta ce a can inda nake son zuwa ba wanda zai kira sunana.

Juma'a ta zo. Mai kula da shirin ya zauna a ƙarshen tebur da littafinsa a buɗe. Sai mai dafa mana abinci ya shigo da wata babbar tukunya ya ajiye, kunu ne rawaya mai kauri wanda ba a taɓa kawo mana ba. Malama ta ce wannan geron garinsu ne. Bafaranshen nan ya leƙa ya ce ai wannan shi kakarsa ke ba tsuntsayenta. Aka fashe da dariya.

"Ba laifinku ba ne," in ji Malama, tana zuba kunun a kwanonta. "A duk duniya mutanen arewacin Sin ne kaɗai suka san gero abincin mutane ne, mu kaɗai muka iya sarrafa shi. Na ji an ce a Afirka ma ana shukawa, amma don ba su da shinkafa ne. Abincin dole ne, ba na daɗi ba."

Matar da shekaranjiya na gama ba ta labarin gonar ubana, ita ce yau take faɗin wannan a gaban mutane? A lokacin ban ga tarko ba, cin amana kawai na gani. Ban san sanda na ajiye cokali ba, sai ƙararsa na ji a kan tebur.

"Malama, ba haka ba ne."

Na ga ashe idona a cikin nata yake, karo na farko tun zuwana gidan. Ita kuwa ko gezau, ta kai cokali baki.

"To yaya ne?"

Ai sai na ɓalle. Na ce geronmu ya fi wannan girma, kuma ba rawaya ba ne. Na ce mu muna da shinkafa, amma manomi in bai sha fura ba bai ci abinci ba. Na lissafa tuwo da kunu da fura da waina. Ban san sunan turmi da Sinanci ba, sai na miƙe tsaye ina daka iska da hannu biyu. Ban san yadda zan ce fura ba, na ce dunƙulen gero ne da ake damawa da madara mai tsami a sha da sanyi.

"Gero da madara mai tsami, kuma da sanyi? Wannan ai ciwon ciki ne," in ji ta. Ta buɗe baki za ta ƙara, na katse ta. Ni, 'yar gidanmu, na katse tsohuwa mai furfura a gaban jama'a, na ce mahaifina shekara sittin yana sha kuma har yau shi ke riƙe da gonarsa. Bafaranshen ya tsoma baki, na juya kansa na ce in dai gero kakarsa ke ba tsuntsaye, to tsuntsayen sun fi shi cin abinci mai kyau. Tebur ya kaure da dariya. Kurakurai kuwa na zuba su ba adadi, 'yar Italiya ta gyara min wata kalma, na karɓa na wuce ban ko tsaya jin kunya ba. Na fi minti goma sha biyar ina abu ɗaya.

Na koma na zauna. Ban ji daɗin nasara ba, ji na yi kamar kakata na yi wa tsawa. Na saci kallon ƙarshen tebur, na ga mai kula da shirin ya rufe littafinsa yana shan kunu.

Bayan an tashi na ɗauki jakarta kamar kullum. Mun sauka taki kusan ashirin, sannan na ba ta haƙuri, na ce na yi mata rashin kunya. Amma abin yana cina, don haka na ƙara da cewa ai ta san abin da na faɗa mata ran Laraba.

"Na sani mana. Shi ya sa yau da safe na je har kantin 'yan garinmu na sayo geron. A jakar nan na hawo da shi."

Na tsaya cak a kan matakala. Ita ma ta tsaya tana hutar da gwiwarta, tana kallon rufin gidajen da ke ƙasa. Ta ce ta zo birnin nan tana budurwa, da irin tarbiyyar da ni ma na zo da ita. Shekara biyu ta yi tana zama a gaban malamanta kanta a ƙasa, ba ta musu, ba ta tambaya. Suka rubuta cewa ba ta da kaifin ƙwaƙwalwa, gurbin da take nema aka ba wani, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta dalilin shirunta.

"Ni ba wanda ya tsokane ni," ta ce. "Sai ga shi na daɗe a nan har na manta. Mako biyar ina kallonki ina cewa yarinyar nan raina mu take yi. Da ba ki kama jakar nan ba, da abin da aka yi min shi zan yi miki."

Ta dafa kafaɗata maimakon ƙarfen, muka ƙarasa sauka a haka.

Ba a kore ni ba. Na ƙarasa mako goma, kuma da aka karanta sunayen mutum shida, nawa ne na biyar. Na je ƙasar Sin na yi shekarata, na zauna a tebura da yawa inda ba wanda ya kira sunana, na kuma kutsa da kaina. Yau da wannan harshen nake cin abinci. Duk sanda na tuna, mata biyu nake yi wa addu'ar alheri, Gwaggo da Malama, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba amma suka haɗu suka fitar da ni daga ramin da na haƙa wa kaina.

Ban zubar da tarbiyyar gidanmu ba. Har gobe in na je Maraɗi aka ajiye abinci a gaban mahaifina, bakina aikinsa ɗaya ne. Amma na gane abu biyu a makon nan. Na farko, shirun da nake taƙama da shi ba duka ne ladabi ba, rabinsa tsoro ne kada in yi kuskure a yi min dariya, na samu ladabi na lulluɓe shi da shi. Na biyu, girmamawar da ka ɓoye a cikinka, wanda kake yi dominsa bai san da ita ba, ba ta amfane shi ba, kai ma ba ta amfane ka ba, sai ka tashi ka kai masa ita ta hanyar da zai gane. Shi ya sa yanzu idan na ga mutum ya yi shiru a cikin taro kansa a ƙasa, ba na yanke masa hukunci daga inda nake zaune. Jira nake a tashi, in bi shi mu taka tare, in ji abin da ke bakinsa.